Kofi 36 Ko 38? Maguɗi Da Hukunci A Tamaular Italiya

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata 'yar gardama ce da ta haɗa ni da kawuna a kan lissafi. Lissafin kofuna ne, amma ya ba ni wuya fiye da wanda Malam ke rubuta mana a allo.

Kawun nawa tela ne, ƙanen mahaifiyata. A bangon shagonsa, bisa keken ɗinki, akwai wani tsohon hoto na 'yan wasan Juventus, watau kulob ɗin tamaula na birnin Turin a ƙasar Italiya, masu riga mai ratsin baƙi da fari. A ƙarƙashin hoton ya rubuta 38 da allin da yake zana yadi. Ya ce tun 1996 ya fara son su, shekarar da suka ci kofin zakarun Turai, da Sunday Oliseh kuwa ya koma can cikin 1999 sai son ya zama ciwo. Shi ya ɗinka mini riga irin tasu tun ina aji uku na firamare, shi kuma ya fara riƙe hannuna zuwa gidan kallo. Ashe ke nan gadon son Juventus na yi, yadda ɗan maƙeri ke gadon maƙera, ba wanda ya nemi shawarata.

To, ana gab da hutun da ya wuce sai wani ɗan ajinmu mai bin Inter ya tare ni a gaban mutane, ya ce kofin Italiya 36 gare mu, sauran biyun na sata ne, mai kaya ya karɓe abinsa. Na yi ta rantse-rantse, har muka kusa ba hammata iska. Da na koma gida na bincika, sai na tarar a lissafin hukuma 36 ɗin ne. Washegari na je shago na ce, "Kawu, wai ina kofi biyu suka shiga?" Ya tsai da keke, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Kai yaro, ba a haife ka ba aka yi abin nan. Da idona na ga an ci su a fili. Masu kwat ne suka zauna a ofis suka ƙwace." Ya ci gaba da ɗinkinsa. Ni kuwa na ƙudura ba zan bar maganar ba sai na ga abin da ya ture wa Buzu naɗi. Ga abin da na samo.

Kafin mu yi nisa ya kamata in bayyana wa iyayenmu waɗanda ba su damu da tamaula ba yadda tsarin yake. Babban rukunin Italiya ana ce da shi Serie A, kulob 20 ne a cikinsa. Kowanne yakan kara da kowanne sau biyu, gida da waje. Nasara maki 3 ce, kunnen doki maki 1. Wanda ya fi maki a ƙarshen kaka shi ne zakara, sai a ɗinka masa wani ɗan tambari mai launin tutar ƙasar a ƙirjin rigarsa, wanda suke kira scudetto. Duk kofi goma kuma a ƙara masa tauraro guda. Kulob uku na can ƙasa su ake turawa rukuni na biyu, Serie B, inda kuɗi ya yi ƙaranci, manyan 'yan wasa kuma ba su son zama. Saboda haka in hukuma na so ta hori kulob, bulala uku gare ta: ta rage masa maki, ko ta tura shi ƙasa, ko ta ƙwace kofin da ya riga ya ci. Juventus ta sha duka ukun a shekara ɗaya.

Amma maguɗi a tamaular Italiya ya girmi wannan. A can akwai cacar tamaula wadda gwamnati ta yarda da ita, Totocalcio, a bayan fage kuma akwai wadda ake yi a ɓoye, Totonero, watau baƙar caca. Wasu mutum biyu a birnin Rum, ɗaya dillalin kayan lambu, ɗaya mai gidan abinci inda 'yan wasan Lazio kan je, suka shiga ba 'yan wasa kuɗi don a shirya yadda wasa zai tashi, su kuwa su zuba caca a kai. Sai wasu 'yan wasan suka riƙa karɓar kuɗin ba su cika alkawari ba, har mutanen nan biyu suka nutse cikin bashi. Ran 1 ga Maris 1980 suka kwashi jiki suka kai ƙara da kansu. Kun ji inda ɓarawo ya kai ƙarar ɓarawo, wai an cuce shi wajen rabo.

Ran Lahadi 23 ga Maris 1980, ana tashi daga wasa, jami'an tsaro suka shiga filaye a garuruwa dabam-dabam suka kama 'yan wasa, wasu ko wanka ba su gama ba. Mutanen Italiya suna zaune a gida suka ga motocin jami'ai a talabijin, an ajiye su a gefen babban filin birnin Rum. Cikin waɗanda aka kama har da Enrico Albertosi, tsohon mai tsaron gida na ƙasa, da Bruno Giordano na Lazio, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a kakar da ta gabata, da shugaban kulob ɗin Milan kansa. Hukumar tamaula ta tura Milan da Lazio rukuni na biyu, alhali kuwa Milan ita ce ta ci kofi a 1979. Kotun ƙasa kuwa a ƙarshen shekarar ta sallami kowa, domin a lokacin babu dokar da ta ce sayar da wasa laifi ne. Sai cikin 1989 aka kafa ta.

Akwai wani saurayi siriri da guguwar ta kwasa, Paolo Rossi, wanda ke yi wa Perugia wasa. An zarge shi a kan wasan da suka tashi 2 da 2 da Avellino, aka dakatar da shi shekara uku, aka rage zuwa biyu. Har ya mutu cikin 2020 yana cewa bai aikata ba. Wa'adinsa ya cika saura wasa uku a gama kakar 1982, amma mai horar da 'yan wasan ƙasa, Enzo Bearzot, ya tafi da shi gasar kofin duniya a Sifen, jaridu na ta zagi. Wasa huɗu bai ci ko ɗaya ba. A na biyar ya zura wa Barazil uku, ya zura wa Folan biyu, ya buɗe da ɗaya a wasan ƙarshe da Jamus ta Yamma, Italiya ta ɗauki kofi. Don murna sai hukuma ta yafe wa sauran waɗanda aka dakatar shekara biyu daga hukuncinsu. Ku riƙe wannan, gama za mu sake gamuwa da irinsa. A tamaular Italiya hukunci yakan taso kamar hadarin Agusta, ya ƙare da yayyafi.

Yanzu sai mu zo kan kofunan Kawu.

Cikin watan Mayu 2006 jaridun Italiya suka fara buga maganganun waya waɗanda masu bincike suka naɗa a asirce a kakar 2004 zuwa 2005. Muryar da aka fi ji ita ce ta Luciano Moggi, babban manajan Juventus tun 1994. Mutumin nan ma'aikacin jirgin ƙasa ne a da, ya fara da yawon neman yara masu ƙwazo a ƙauyuka, ya yi ta hawa har ya zama ba a ƙulla wani abu a kasuwar 'yan wasa ba da saninsa ba. Ɗansa kuma yana cikin shugabannin wani kamfanin dillancin 'yan wasa mai suna GEA, wanda ke riƙe da 'yan wasa da masu horarwa masu yawa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, wannan karon ba a kama ɗan wasa ko ɗaya da laifi ba, ba a kuma nuna wata jakar kuɗi da aka miƙa wa alƙalin wasa ba. Dabarar ta fi haka zurfi. A lokacin mutum biyu ne ke raba alƙalai, Paolo Bergamo da Pierluigi Pairetto. Sukan kasa wasannin mako kashi-kashi, su sa sunayen alƙalai a kowane kashi, sa'an nan a jefa ƙuri'a. To, wanda ya san sunayen da za a zuba cikin ƙwarya, ai ya rage wa ƙuri'a aiki. An ji Moggi a waya yana tattauna waɗannan sunaye da masu rabon, yana yaba wannan alƙali yana kushe wancan. An ji shi yana gaya wa masu sharhi a talabijin wane alƙali za a rufa wa asiri. Ya kuma sayo layukan waya daga Suwizalan ya rarraba, don kada a saurare su. Har akwai inda aka ji yana alfahari cewa ya kulle wani alƙali a ɗakin sauya kaya bayan Reggina ta ci Juventus 2 da 1 cikin Nuwamba 2004, ko da yake shi alƙalin daga baya ya ce ba a kulle shi ba.

Ku dubi abin ta wajen alƙalin wasa. Saurayi ne mai son a ba shi manyan wasanni, a tura sunansa Turai. Ya san cewa in ya ɓata wa Moggi rai, za a yi ta nuna kuskurensa a talabijin, a ajiye shi a gida mako da makonni. Irin wannan ba ya bukatar toshiyar baki. In abu ya zo rabi da rabi, usur ɗinsa ya san inda zai karkata da kansa. Kuma ba Juventus kaɗai ke buga waya ba. An sami jami'an Fiorentina da Lazio da Milan da Reggina su ma suna neman alfarma. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: shugaban hukumar tamaula, Franco Carraro, ya ajiye aiki, aka kuma janye alƙali Massimo De Santis daga gasar kofin duniya da aka riga aka zaɓe shi.

Ana cikin wannan shari'a a birnin Rum, 'yan wasan Italiya suna Jamus. Ran 9 ga Yuli 2006 suka kara da Faransa a wasan ƙarshe, aka tashi 1 da 1, suka ci 5 da 3 a bugun fenariti. 'Yan Juventus takwas ne suka taka fili a daren nan, biyar a rigar Italiya, uku a ta Faransa. Bayan kwana biyar, ran 14 ga Yuli, aka yanke hukunci: a ƙwace wa Juventus kofin 2005 da na 2006, a tura ta rukuni na biyu, ta fara da bashin maki 30. Fiorentina da Lazio su ma su sauka. Milan ta zauna, amma a rage mata maki. Watau Cannavaro ya ɗaga kofin duniya ran Lahadi, ran Juma'a ya zama ɗan rukuni na biyu.

Sai hadari ya fara washewa. Da aka ɗaukaka ƙara, aka mai da Fiorentina da Lazio rukuni na ɗaya, bashin Juventus ya koma 17. Zuwa Oktoba ya koma 9, na Fiorentina 15, na Lazio 3, na Milan 8. Milan ta sami shiga gasar zakarun Turai ta ƙofar baya, ta kuwa ci kofin cikin Mayu 2007, ta doke Liverpool 2 da 1. Shi Moggi an hana shi harkar tamaula har abada. Kotun birnin Napoli ta ɗaure shi shekara 5 da wata 4 cikin 2011, aka rage daga baya, cikin 2015 kuma kotun ƙoli ta ce wa'adin da doka ta ɗiba don hukunta shi ya wuce, ko da yake ba ta wanke shi ba. Kofin 2005 an bar shi ba mai shi. Na 2006 aka miƙa wa Inter.

A nan ne na tsaya na tambayi kaina: wai a bayan wa bulalar ta sauka? Mai horarwa, Fabio Capello, ya tafi Real Madrid, Cannavaro da Emerson suka bi shi. Thuram da Zambrotta suka tafi Barcelona. Ibrahimovic da Vieira suka ƙetara wurin abokan gaba, Inter.  Wanda ba shi da wurin zuwa shi ne mai kallo, ma'aikacin masana'antar mota a Turin, ko tela a bakin kasuwarmu, wanda bai buga wa kowa waya ba, bai ci ko kwabo ba. Shi aka cuta tun farko, gama ya biya kuɗinsa ya kalli wasan da yake zaton ba a san ƙarshensa ba. Shi kuma aka bari da kunya. Kawu ya ce a shekarar nan har yara sukan leƙo shago su ce masa "Serie B" su ruga.

Duk da haka ba su gudu ba, wannan kuwa shi ne abin da ya fi burge ni a labarin. 'Yan wasa biyar daga cikin manya suka zauna: Buffon, da Del Piero, da Nedved, da Trezeguet, da Camoranesi. Ran 9 ga Satumba 2006, wata biyu cur bayan kofin duniya, Buffon ya tsaya a raga a ƙaramin filin garin Rimini, aka tashi 1 da 1. Suka yi ta yawo garuruwa irin su Crotone da Frosinone, inda ba a taɓa mafarkin ganinsu ba. Del Piero ya ci ƙwallo 20, ya fi kowa a rukunin. Ran 19 ga Mayu 2007 suka ci Arezzo 5 da 1, suka tabbatar da komawa sama. Kawu ya ce gidan kallo ba ya nuna wasannin rukuni na biyu, sai dai ya bi sakamako a rediyo da jarida, amma bai taɓa son su kamar a shekarar ba. Har yau in ya ambaci mutanen nan biyar sai ya ajiye almakashi.

Ba 'yan Juventus ne suka fara nuna irin wannan amana ba. Bayan wata badaƙalar caca ta biyu cikin 1986, Lazio ta fara kaka a rukuni na biyu da bashin maki 9, a zamanin da nasara maki 2 ce kawai. Saura ƙiris ta faɗa rukuni na uku. A wasan ƙarshe cikin Yuni 1987 mutum sama da 60,000 suka cika filin Rum don su ga wasan rukuni na biyu, Giuliano Fiorini ya ci Vicenza ana dab da tashi. Sa'an nan dubbai suka bi kulob ɗin zuwa Napoli wasan raba gardama, suka ci Campobasso 1 da nema, suka tsira. Masoyan Lazio suna girmama 'yan wasan shekarar nan kamar waɗanda suka ci kofi. Abokan gaba kuwa ba su mantuwa. Milan ta sake faɗawa rukuni na biyu cikin 1982, wannan karon don rashin ƙoƙari, shi ya sa wani tsohon mataimakin shugaban Inter, Peppino Prisco, yakan yi musu ba'a cewa sau biyu suka sauka, na fari sun biya kuɗi, na biyu kyauta.

Amma fa so yana da wata fuska, wadda Hausawa suka ce hana ganin laifi. Cikin 2005 Genoa ta ci hawa rukuni na ɗaya, sai aka kama wani jami'in Venezia, kulob ɗin da ta doke a wasan ƙarshe, da yuro 250,000 a mota. Aka jefa Genoa rukuni na uku, magoya bayanta suka fito titi suna fushi da alƙalan da suka yanke hukunci. Cikin Yuli 2006 mutanen Fiorentina suka tare hanyar jirgin ƙasa a birninsu. Ita kuwa Juventus, da ta ci kofi cikin 2012, wanda hukuma ta lissafa na 28, sai ta rubuta a rigarta da Italiyanci cewa 30 ne a fili. Ta kuma kai ƙara tana neman diyyar sama da yuro miliyan 400, ba ta samu ba. Ta ci kofi tara a jere daga 2012 zuwa 2020, na ƙarshen shi ne na 36 a wurin hukuma, na 38 a wurin Kawu.

Adalci ne in kawo hujjojin Kawu, gama ba banza ya riƙe su ba. Ta farko, ya ce kulob mai 'yan wasa takwas a wasan ƙarshe na kofin duniya ba ya bukatar taimakon alƙali. Ta biyu, maganganun da aka naɗa na kakar 2004 zuwa 2005 ne, to me ya haɗa su da kofin 2006, wanda Juventus ta ci da maki 91, Inter kuwa ta zo ta uku da 76? Ta uku ita ce mai zafi. Mutumin da aka ɗora a kan hukumar tamaula lokacin shari'ar, Guido Rossi, ya taɓa zama cikin hukumar gudanarwar Inter. Cikin 2011 kuma mai gabatar da ƙara na hukumar, Stefano Palazzi, ya rubuta cewa shugabannin Inter su ma sun riƙa magana da masu raba alƙalai, sai dai lokacin tuhumarsu ya wuce. Kofin 2006 yana nan a hannun Inter.

Wannan ta uku kam ta shige ni. Da ni ne, da an bar kofin 2006 ba mai shi, kamar na 2005. Kuma ina ganin hukuncin da ya kama wani ya bar wani, wanda aka yanke cikin gaggawa sa'an nan aka yi ta cinikinsa kamar kayan gwanjo, daga 30 zuwa 17 zuwa 9, shi ne ya ba masoya ƙofar musu. Da an auna wa kowa da mudu ɗaya, da Kawu bai sami abin faɗa ba.

Sai dai hujjar farko ita ce ta juya a hannuna. In 'yan wasan nan sun isa su ci kofi da ƙafarsu, kuma na yarda sun isa, to Moggi ya cuce su ke nan fiye da kowa, domin ya zuba ƙasa a cikin tuwon da suka sha wuyar tuƙawa. Laifin Inter kuma, in akwai, ba ya wanke namu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Akwai kuma mutanen da ba a cika tunawa da su ba. A kakar da aka naɗi maganganun, Fiorentina, wadda aka samu tana neman alfarma don kada ta faɗi, ta tsira a ranar ƙarshe. Bologna ta faɗi, ta yi shekara uku a ƙasa, mai kulob ɗin ya yi shekaru yana shari'a yana cewa maguɗin nan ne ya jefa su. Ita ma tana da telolinta masu hoto a bango.

Ɓarnar da ta fi daɗewa ita ce zargi. Cikin Fabrairu 2012 Sulley Muntari, ɗan Gana, ya sa wa Juventus ƙwallo da ka a filin Milan. Ƙwallon ta wuce layi sarai kafin Buffon ya jawo ta, alƙali bai gani ba, aka tashi 1 da 1, Juventus kuma ta ci kofin shekarar. Ba a sami wani maguɗi a ciki ba, kuskure ne irin na ɗan Adam. Amma je ka gaya wa ɗan Milan haka. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Cikin 2011 wata badaƙalar caca ta sake fashewa, ta fito da mutum biyu da nake so 'yan ƙungiyar tamaular makarantarmu su san sunansu. Andrea Masiello na Bari ya amsa da bakinsa cewa da gangan ya ci gidansu a wasan hamayya da maƙwabtansu Lecce, don kuɗi, a gaban mutanen garin da ke rera sunansa. Simone Farina kuwa, ɗan wasan baya na wani ƙaramin kulob mai suna Gubbio, an yi masa tayin yuro 200,000 don a sayar da wasa, ya ƙi, ya kai rahoto. An yaba masa ƙwarai, har aka gayyace shi bikin ba da kyautar gwarzon duniya. Amma cikin 2012, yana da shekara 30, ya bar wasa, ya koma Ingila yana koya wa yara tamaula a Aston Villa. Masiello ya gama wa'adinsa ya dawo rukuni na ɗaya, ya yi shekaru yana wasa.

Na ƙarshe a idona aka yi. Cikin Nuwamba 2022 shugabannin Juventus duka suka ajiye aiki, ana bincikensu a kan kumbura farashin 'yan wasa a takarda don littafin kuɗi ya yi kyau. Cikin Janairu 2023 aka rage mata maki 15, cikin Afrilu aka mayar, cikin Mayu aka sake rage 10. Ta gama ta bakwai, aka kuma hana ta wasan Turai shekara guda. Na tuna yadda muka riƙa duba teburin maki, yau muna sama gobe muna tsakiya, ba tare da an taɓa ƙwallo ba. A lokacin cewa na yi ƙiyayya ce kawai ake yi mana, ban karanta ko layi ɗaya na tuhumar ba.

Ana jibi za a koma makaranta na je shago na zayyana wa Kawu duk abin da na karanta, tun daga dillalin kayan lambu har zuwa layukan Suwizalan. Yana ɗinki yana saurare, bai katse ni ba sai da na zo kan Guido Rossi, ya ce, "Ka gani ko!" Da na gama na ce, "Kawu, ka yi mini gafara, ni dai 36 zan riƙa ƙirgawa. Amma rigar nan ba zan tuɓe ta ba."

Ya yi shiru har na fara zaton na yi rashin kunya. Can sai ya jawo aljihun keke, ya ɗauko guntun alli ya miƙo mini, ya ce, "Rubuta naka a ƙarƙashin nawa. Kada ka kuskura ka goge mini." Na hau kujera na rubuta. Ya duba, ya ce shidan nawa ya karkace. Sa'an nan ya ce hannun rigar ya yi mini kaɗan, in kawo ta ya ƙara, kuma ran Lahadi in riga shi zuwa gidan kallo in kama mana benci na gaba.